Harbe Admiral Byng bai koya wa kowa yaƙin teku ba

Ranar 14 ga Maris 1757, da tsakar rana, aka fito da Admiral John Byng, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin ruwan Ingila, saman jirgin yaƙi mai suna Monarch a tashar Portsmouth. Ya durƙusa, ya ɗaure idanunsa da kansa, ya saki hankicin da ke hannunsa, sojoji suka buɗe masa wuta. Laifin da kotun soja ta kama shi da shi shi ne bai yi iyakar ƙoƙarinsa ba a karon da ya yi da jiragen Faransa kusa da tsibirin Minorka da ke hannun Ingila a lokacin, watanni goma kafin nan. Har yau akwai masana tarihi da ke cewa, duk da rashin adalcin da ke ciki, wannan kisa ya yi wa Ingila rana, domin wai daga nan kowane kwamandan ruwa ya gane cewa gara ya afka wa abokin gaba ko da ƙarfi bai kai ba, da ya koma gida ya fuskanci bindigar 'yan uwansa. Marubucin nan na Faransa, Voltaire, da gatse ya ce a Ingila suna ganin yana da kyau jefi-jefi a kashe admiral guda don sauran su ƙara ƙwazo, sai ga shi an wayi gari wasu sun ɗauki gatsen a matsayin darasi.

Ni ban yarda da wannan karatu ba. Abin da ya kayar da Byng a Minorka ya sake kayar da waɗanda suka biyo bayansa shekaru ashirin da wani abu, da irin kuskuren da irin sakamakon, kuma bai gushe ba sai da aka gyara abubuwan da ba su da alaƙa da tsoron harsashi. Amma kafin a ga haka, sai an san yadda jirgin wancan zamani yake faɗa.

Babban jirgin yaƙi na katako igwoyinsa a gefe suke, jere a hawa biyu ko uku, kowace tana leƙowa ta tagarta. A goshi da baya kusan ba shi da komai, igwa biyu ko huɗu ne kawai. Bayan jirgin ma shi ne mafi rauni, domin nan tagogin gilashi na ɗakin kyaftin suke, kuma harsashin da ya shiga ta nan zai bi tsawon jirgin ne yana tsinke mutane da igwoyi har ya kai goshi. Saboda haka dabarar da kowa ya tsaya a kai tun ƙarni na 17 ita ce jerin gwano: kowane jirgi ya bi bayan na gabansa, goshin wannan na kare bayan wancan, dukkansu sun juya wa abokin gaba haƙarƙari. Idan aka bar tazarar mita 200 tsakanin jirgi da jirgi, jiragen 12 za su miƙe fiye da kilomita biyu da rabi. Admiral yana tsakiya. Da an fara harbi hayaƙin albarushi ya rufe ko'ina, ba ya ganin na gaba balle na baya.

Ita kanta igwar aiki ce ja. Babbar da ke hawan ƙasa nauyinta ya kusa tan uku, tana jefa dunƙulen ƙarfe mai kilo 14 da rabi, kuma tana cin mutum goma sha wani abu. Bayan kowane harbi sai a zura jiƙaƙƙen soso a kashe sauran tartsatsin da ke ciki, in ba haka ba sabon albarushi ya tashi a hannun mai ɗurawa. Sai a cusa ƙunshin albarushi, kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyin harsashin, a bi shi da toshiyar tsohuwar igiya, a sa harsashi, a sake toshewa don kada ya gangaro in jirgi ya karkata, a danna da sanda. Sannan kowa ya kama igiya a ja igwar har bakinta ya fita ta taga, a huda ƙunshin ta ƙaramin ramin da ke gindinta, a zuba ɗan albarushi mai laushi, a daidaita da sanduna da katakon da ake cusawa ƙarƙashin gindi, a kunna. Igwar ta zabura baya har igiya mai kauri ta tare ta. Duk wanda ƙafarsa ke hanya ya rasa ta. Jirgin da mutanensa ba su cika ba, ko sababbi ne da aka kamo a titi makon jiya, wannan zagaye zai ɗauke shi ninkin lokacin da ya kamata, kuma ba zai iya harba gefe biyu a tare ba, ko ya juya filafilai yana harbi.

Sai kuma iska, wadda ita ce uwar komai. Irin waɗannan jirage masu filafilan zane ba sa iya nufar inda iska ke fitowa kai tsaye, sai sun kauce mata da aƙalla digiri 67 da rabi. Wanda yake ta ɓangaren da iska ke fitowa shi ke da zaɓin lokacin kai hari, hayaƙi ma ba ya dawo masa. Amma zaɓin yana da tsada, domin kafin ya iso dole ya juya goshi wajen abokin gaba, ya yi ta shan harbi ba ya iya ramawa. Faransawa sun fi son ɓangaren ƙasan iska. Daga can jirginsu yana karkata baya, bakin igwa yana ɗagawa, sai su yi ta jefa ƙarafa masu sarƙa suna tsinke igiyoyi da jigon mai tahowa, in sun gurgunta shi su saki filafilai su yi gaba abinsu.

Da wannan a zuciya, a duba abin da aka ba Byng. Tun watanni kafin nan rahotanni ke zuwa Landan cewa Faransa na haɗa jirage da soja a tasharta ta Tulon. Gwamnatin Duke na Newcastle ta fi tsoron a tsallako a mamaye Ingila kanta, don haka ta riƙe manyan jirage a gida. Da aka ga ba makawa, sai aka ba Byng jirage goma, ya tashi ranar 6 ga Afrilu 1756 da giɓin ɗaruruwan matuƙa. An sauke sojojin da ke zama cikin jiragen aka maye gurbinsu da bataliya guda da za a kai ganuwar St Philip a Minorka, ma'ana in ya sauke su kamar yadda aka umarce shi, jiragensa sun ƙara zama fayau. Ya isa Jibralta, sansanin Ingila a kan hanya, ranar 2 ga Mayu, ya tarar tuni kwamandan Faransa Duke na Richelieu ya sauka a Minorka da soja kusan 15,000, ya yi wa ganuwar ƙawanya. Gwamnan Jibralta, Janar Fowke, ya ƙi ba da ƙarin sojan da aka ce ya bayar. Ma'aikatar gyaran jirage ta wurin kuwa ta lalace, babu halin kishingiɗar da jirgi a kankare ciyawa da ƙwansar da suka manne a ƙasansa, abin da ke rage wa jirgi gudu sosai. Ya haɗa da jirage uku da ya samu a can suka zama 13, ya nufi Minorka.

Ranar 19 ga Mayu ya hango tutar Ingila na nan kan ganuwar. Ya tura ƙananan jirage su nemi magana da Janar Blakeney, dattijo ɗan shekara tamanin da 'yan kai da ke riƙe da ita, sai ga jiragen Faransa 12 ƙarƙashin La Galissonière sun ɓullo, ya kira su suka dawo. Washegari ya yi abin da ya nuna ya san teku: ya ƙwace ɓangaren saman iska. Daga nan al'amari ya fara karkacewa.

Layukan biyu ba su yi daidai kafaɗa da kafaɗa ba. Gaban layin Byng ya fi kusa da Faransawa, bayansa kuma yana nesa ƙwarai. Niyyarsa ita ce jiragen su gangara a karkace, a hankali, ta yadda igwoyin gefe za su ci gaba da kallon abokin gaba har a haɗu. Dabara ce mai kyau. Matsalar ita ce ba shi da tutar da za ta faɗi haka. A wancan zamani tuta ba ta da ma'anar kanta, sai dai ta nuna wani sashe na littafin umarnin yaƙi, gwargwadon launinta da inda aka rataye ta a jirgi. Tuta kaza a wuri kaza na nufin a yi jerin gwano, jar tuta a kan jigon gaba na nufin a fara faɗa. Abin da littafin bai tanada ba, admiral ba shi da bakin faɗarsa, sai dai ya tura kwalekwale, shi ma kafin ya kai ƙarshen layi an yi an gama. Da ya ɗaga jar tuta wajen ƙarfe biyu na rana, jiragen gaba ƙarƙashin Admiral Temple West suka yi abin da littafi ya koya musu, kowane ya juya goshi ya nufi takwaransa kai tsaye. Suka sha wuta tun daga nesa. Kyaftin Andrews na Defiance, jirgin da ke kan gaba, ya mutu. Jirgi na shida, Intrepid, harsashi ya karya masa saman jigon gaba, ya juya ya tsaya cik a kan hanya. Na bayansa suka taka birki da filafilai don kada su yi karo, Princess Louisa da Trident suka cushe kusa da Ramillies, jirgin Byng mai igwa 90, har shi ma dole ya tsaya.

A nan ne aka yi maganar da ta fi komai nauyi a shari'ar. Kyaftin ɗin jirginsa, Arthur Gardiner, ya ba shi shawara ya saki filafilai ya afka kawai, sauran za su bi. Byng ya ƙi. Ya nuna masa cewa tutar jerin gwano na sama, ga jirage biyu da ya kamata su kasance gabansa suna bayansa, kuma ba zai maimaita abin da ya jawo wa Admiral Mathews masifa ba. Ba shaci-faɗi yake yi ba. A 1744, a gaban Tulon, Thomas Mathews ya bar layi ya afka wa jiragen Sifen da tutar jeri da tutar faɗa duk a sama. Mataimakinsa Richard Lestock, wanda ba sa ga maciji da juna, ya tsaya daga nesa ya ce tutocin biyu sun saɓa wa juna, shi ya bi ta jeri. Kotun soja ta wanke Lestock da bai yi faɗa ba, ta kori Mathews da ya yi. Byng yana cikin alƙalan da suka zauna a shari'ar Mathews. Wato hukumar da ta kashe shi don bai karya layi ba, ita ce shekaru goma kafin nan ta nuna masa da idonsa abin da ke samun wanda ya karya.

Kafin a warware cunkoson, La Galissonière ya janye cikin tsari. Aikin da aka ba shi kare masu ƙawanya ne, kuma ya yi. Mutum arba'in da wani abu suka mutu a ɓangaren Ingila, kusan haka a na Faransa, babu jirgin da aka kama ko aka nutsar, amma kusan rabin jiragen Byng sun ji jiki.

Ba zan wanke Byng tas ba, domin abin da ya yi bayan faɗan ya fi na cikin faɗan muni. Tun wasiƙar da ya rubuta daga Jibralta ana jin muryar mutumin da ya riga ya sallama, yana tara hujjojin da zai kare kansa. Ranar 24 ga Mayu ya tara manyan hafsoshi ya jera musu tambayoyi da aka tsara ta yadda amsarsu guda ce: ko da an kori jiragen Faransa, za a iya ɗage ƙawanyar? Idan wani abu ya sami wannan ayari, Jibralta ba ta shiga haɗari ba? Kowa ya sa hannu a koma Jibralta, har da West da aka yi wa kirarin jarumi daga baya. Tambayar da ba a yi ba ita ce mai amfani. Sojan Richelieu a tsibiri suke, abincinsu da albarushinsu ta ruwa suke zuwa daga Tulon. Ayari 13, ko da gurgu ne, in ya ci gaba da shawagi a wurin yana tare jiragen kaya, ya isa ya dagula musu lissafi, ga kuma ƙarin jirage biyar da ke hanya daga Ingila. Blakeney ya riƙe ganuwar har ƙarshen Yuni ba tare da taimakon kowa ba. Kwamandan da bai ga wannan ba ya cancanci a sauke shi, kada a sake ba shi ko kwalekwale. Iyakar hukuncin da aikinsa ya jawo ke nan.

Abin da ya biyo baya siyasa ce tsagwaronta. Rahoton Faransa ya riga nasa isa Landan, aka yanke shawarar maye gurbinsa kafin a ji ta bakinsa. Da wasiƙarsa ta iso, gwamnati ta buga ta a jaridarta bayan ta yanke sassan da ke nuna halin da jiragensa ke ciki da dalilan janyewarsa. Jama'a suka fusata, aka yi ta ƙona mutum-mutuminsa a garuruwa. Kotun ta zauna cikin jirgin St George daga 28 ga Disamba 1756 zuwa 27 ga Janairu 1757. Ta ce ba matsoraci ba ne, ba kuma maci amana ba ne, amma bai yi iyakar ƙoƙarinsa ba, kuma sashe na 12 na dokar yaƙin ruwa, kamar yadda aka gyara ta a 1749, hukunci ɗaya tak ya tanada, kisa. An cire wa alƙalai ikon sassautawa ne saboda ƙorafin cewa manya na tsira ƙanana na mutuwa, musamman bayan harbe wani ƙaramin hafsa, Baker Phillips, a 1745. Alƙalan da kansu suka rubuta suna roƙon a yi masa afuwa. Admiral John Forbes, ɗaya daga cikin shugabannin hukumar sojan ruwa, ya ƙi sa hannu a takardar kisan. Minista William Pitt ya je wa Sarki George na Biyu da maganar cewa majalisa ta karkata ga sassauci, sarki ya mayar masa da cewa ai shi ne ya koya masa neman ra'ayin jama'a a wajen majalisa. Newcastle kuwa, da Lord Anson da ke shugabancin hukumar lokacin da aka tura jirage goma ba mutane, sun bar kujerunsu a ƙarshen 1756, kafin tsakiyar 1757 ta wuce duk sun dawo.

To, ina hujjar masu cewa kisan ya haifar da zafin nama? Babbar shaidarsu ita ce 1759, musamman ranar 20 ga Nuwamba, lokacin da Admiral Edward Hawke na Ingila ya bi jiragen Faransa da ke ƙarƙashin Conflans cikin guguwa har cikin duwatsun Quiberon, wurin da matuƙansa ba su sani ba, ya tarwatsa su. Sai dai Hawke bai jira mutuwar Byng ya zama Hawke ba. A wancan faɗan Tulon na 1744 shi ne kyaftin ɗin da ya bar layi ya kama jirgin Sifen guda. A Oktoba 1747 ya saki jiragensa 14 su bi na Faransa takwas, kowa ya kama wanda ya cimma, ya kame shida. Ɗaya daga cikin shidan nan shi ne Monarch, jirgin da aka harbe Byng a kansa. Anson ma haka ya yi a Mayun shekarar. Abin da ya sa Hawke ya iya Quiberon shi ne ya shafe watanni yana tsare bakin tashar Faransa ta Brest, ana yi masa jigilar shanu da ɗanyen ganye da giya daga Plymouth, yana tura jirage gida bi da bi a kankare su, har ya kai Nuwamba da mutane masu lafiya da suka saba da mugun teku. Wannan aikin ma'aji ne da akawu da ɗan kwangila, kuma shi ne ainihin abin da aka hana Byng.

Shaida guda da zan amsa musu ita ce ta Gardiner. A Fabrairu 1758, yana jan Monmouth mai igwa 64, ya ci karo da Foudroyant mai igwa 80, jirgin da La Galissonière ya hau a Minorka. Ya bi shi cikin dare ya yi ta faɗa har aka kashe shi, mutanensa suka ƙarasa aka kama jirgin. Babu shakka tabon Minorka ne ya tura shi. Amma wannan jirgi ɗaya ne da jirgi ɗaya, inda zuciya ke iya yanke hukunci. Ayari ba a jan sa da zuciya kaɗai.

Ga abin da ya faru da ayari. Ranar 5 ga Satumba 1781, a bakin Chesapeake a gaɓar Amurka, Admiral Graves na Ingila da jirage 19 ya tari de Grasse na Faransa mai 24. Layukan suka haɗu a karkace, gaba kusa, baya nesa, kamar an kwafo Minorka. Graves ya ɗaga tutar matsawa kusa alhali tutar jerin gwano na sama. Samuel Hood, wanda babu mai kiransa matsoraci, yana jan jiragen baya, ya bi tutar jeri, kusan bai shiga faɗan ba. Jiragen gaba suka sha duka, Graves ya koma New York gyara, Janar Cornwallis na Ingila da aka yi wa ƙawanya ya miƙa wuya a Yorktown ranar 19 ga Oktoba, Ingila ta rasa Amurka. Shekara 24 ke nan bayan an yi abin da aka ce zai zama izina. Kuma tsoron kotu ya yi ɓarnar da ba a cika faɗa ba. A 1779 aka gurfanar da Admiral Keppel, wanda yana cikin alƙalan Byng, kan faɗan da ya yi da Faransawa a Ushant, da tuhumar da hukuncinta kisa ne. An wanke shi, amma rigimar ta raba hafsoshi gida biyu, ƙwararru da dama suka ƙi karɓar aiki, har sai da aka ɗauko Sir Charles Hardy, dattijon da ya daɗe rabonsa da teku, aka ba shi ayarin da ke tsaron Ingila kanta ana tsakiyar yaƙi. A shekarar ce majalisa ta gyara dokar ta mayar wa kotu ikon yanke hukuncin da bai kai kisa ba. Duk manyan nasarorin da ake alfahari da su, daga 1782 zuwa 1805, ƙarƙashin dokar da aka sassauta aka same su.

Gyaran gaske a hankali ya zo, kuma ba shi da armashin labari. Richard Kempenfelt da Lord Howe suka yi shekaru suna fama da matsalar tutoci, har a 1790 Howe ya fito da tsarin lamba: tutoci goma, kowace na wakiltar lamba guda, a haɗa biyu ko uku a karanta ma'anar a littafi, ko'ina aka rataye su. Home Popham ya ƙara nasa a farkon shekarun 1800, wanda ya ba admiral damar harhaɗa jimla kalma bayan kalma. Wajen 1780 aka lulluɓe ƙasan jirage da fallayen jan ƙarfe, ciyawa ta daina kamawa, jirgi ya iya shafe dogon lokaci a teku bai rasa gudunsa ba. Aka sa wa igwa kunamar ƙanƙara irin ta bindiga, mai saiti ya ja igiya daga baya a daidai lokacin da jirgi ya daidaita, maimakon jiran wutar lagwani ta ci. Daga 1795 aka fara raba ruwan lemun tsami a kai a kai, ciwon nan mai ruɓar da dasashi da ke kwantar da rabin jirgi ya ja baya. Sai kuma shekaru na tsare tashoshin Faransa, waɗanda suka mayar da matuƙan Ingila ƙwararru yayin da na Faransa da Sifen ke zaune a tasha.

A kan wannan shahararren kwamandan ruwan Ingila Horatio Nelson ya gina nasa, kuma nasa kishiyar darasin Byng ne. Ranar 14 ga Fabrairu 1797 a Cape St Vincent ya fice daga layi da jirginsa Captain ya tare gaban jiragen Sifen. Da abin ya ɓaci, littafi na nan da za a kama shi da shi. Shugabansa Admiral Jervis ya karɓe shi da yabo, kuma kowane kyaftin a ayarin ya ga haka. A Abukir ta Masar, 1 ga Agusta 1798, Kyaftin Foley na Goliath, ɗaya daga cikin kyaftin-kyaftin ɗin Nelson, ya lura cewa jiragen Faransa a anka guda suke, ma'ana akwai zurfin da za su iya juyawa tsakaninsu da tudu, sai ya kutsa ta ciki ba tare da jiran tuta ba, wasu suka bi shi, aka sa Faransawa a tsakiya. Cikin manyan jirage 13, biyu suka tsira. Mutumin da ke tunanin kotun soja ba ya yin abin da Foley ya yi. Kafin babban faɗan Trafalgar da jiragen Faransa da Sifen, Nelson ya tara kyaftin-kyaftin ɗinsa a teburin cin abinci cikin jirginsa Victory ya bayyana musu shirinsa baki da baki, sannan ranar 9 ga Oktoba 1805 ya rubuta musu shi, ya ƙare da cewa in ba a ga tuta ba ko ba a gane ta ba, kyaftin ɗin da ya jingina jirginsa da na abokin gaba bai yi babban kuskure ba. Ya ɗauke musu tsoron laifi tun kafin a harba igwa ɗaya. Ranar 21 ga wata ya nufi jirage 33 da nasa 27, goshi gaba, cikin iska mai rauni, yana shan harbi kusan minti arba'in bai rama ba, wato ainihin abin da ya illata jiragen West. Ya yi hakan ne don ya auna cewa harbin abokan gaba a hankali yake kuma ba ya cika samu, nasa mutanen kuma in sun matso za su ninka su sauri. Da a gaban igwoyin La Galissonière ne da matuƙan 1756, lissafin ba zai fita ba.

Akwai ma gwaji kai tsaye a wannan shekarar. Ranar 22 ga Yuli 1805, Sir Robert Calder na Ingila da jirage 15 ya tari Villeneuve mai jan jiragen Faransa da Sifen 20 cikin hazo kusa da Finisterre, ya kama jiragen Sifen biyu, sannan kwana biyu yana ganin abokan gaba bai sake kai hari ba, yana tunanin jiragensa da suka lalace da wasu ayarin da ka iya fitowa daga Ferrol da Rochefort. Tuhumar kusan irin ta Byng ce, jama'a ma sun yi irin wannan ihun. Nelson ya bar shi ya tafi gida a jirginsa mai igwa 98, ana saura kwanaki a yi Trafalgar, lokacin da kowace igwa ke da daraja. Kotu ta zauna a Disamba, ta wanke shi daga tsoro, ta yi masa kakkausan gargaɗi kan kuskuren hukunci, ba a sake tura shi teku ba. Ya rayu har 1818, kuma rundunar ruwan Ingila ta ci gaba da riƙe teku har ƙarshen yaƙin Napoleon ba tare da wani ya ce sassaucin da aka yi wa Calder ya sanyaya gwiwar kyaftin ko ɗaya ba.